ThinkPad T420 ta ƙi kama waifai bayan an ɗora mata Windows 10: ta ina ake farawa?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan laftof ƙirar Lenovo ThinkPad T420, irin tsofaffin nan na ofis. An ɗora mata Windows 10, komai yana tafiya lafiya lau, sauti da kibod da batir, amma waifai shiru kake ji. In na danna alamar netwok a ƙasan sikirin ba na ganin suna ko guda, sai hoton jirgin sama, kuma ko na danna don in kashe shi ba ya kashewa. In na jona kebul daga rauta kai tsaye, intanet yana zuwa. 'Yar fitilar nan mai alamar eriya da ke ƙasan sikirin ma ba ta kawowa. Wasu sun ce katin waifai ɗin ne ya mutu, wasu sun ce a sake goge Windows a ɗora wata. Kafin in yi ko ɗaya daga ciki ina so in ji ta bakin masana. Me ake fara dubawa, kuma ta yaya mutum zai tabbatar katin ne ya lalace?

Mai_Sukudireba:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka goge komai tukuna, kuma kada ka sayi komai. Tunda hoton jirgi ya kafe ya ƙi kashewa kuma fitila ba ta kawowa, zargina na farko yana kan makunni ne, ba kan kati ba.

T420 ta fito a 2011, zamanin da ake sa wa kwamfutocin ofis makunnin waifai na zahiri a jikinsu. Ka duba gefen dama, kusa da ramin ExpressCard (siririn ramin da ake zura katin ƙari), za ka ga wani ɗan ƙaramin makunni baƙi da ake turawa gaba ko baya. Da ƙyar ido ke kama shi, kuma sau da yawa wajen saka kwamfutar a jaka ko fitar da ita yake gocewa. Ka tura shi da farce har sai ka ga launin kore ya leƙo a gefensa, ka ba shi kamar daƙiƙa 10. Muddin wannan makunni yana kashe, babu abin da za ka danna a cikin Windows ya tayar da rediyon katin, domin daga bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ake riƙe shi, ba daga manhaja ba. Ga masu wasu ƙirar da ke karantawa: a T61 da T400 makunnin yana bakin gaba, a X220 yana gefen hagu, a HP EliteBook kuma maɓalli ne a saman kibod, in fitilarsa ta koma ruwan lemo to a kashe yake.

Bayan makunni akwai Fn da F5. A ThinkPad wannan haɗin ne ke buɗe akwatin kunna waifai da Bluetooth, amma yana dogara da manhajar Hotkey ta Lenovo. A kan Windows da aka ɗora sabuwa galibi babu ita, don haka in ka danna ba ka ga komai ba, ba laifin kibod ba ne.

Hanya mafi sauƙi da za ka san inda matsalar take ita ce ka tambayi kwamfutar da kanta. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta cmd, ka danna Enter, sannan ka rubuta:

netsh wlan show interfaces

Amsar da za ta ba ka ita ce za ta nuna maka hanya. In ka ga "Hardware Off" a layin Radio status, makunni ne ko BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar da ke tashi kafin Windows. In ka ga "Hardware On" amma "Software Off", to Windows ce ta kashe shi, sai ka shiga Settings, Network & Internet, ka kashe Airplane mode ka kunna Wi-Fi. In ta ce wlansvc ba ya gudana, ka buɗe services.msc, ka nemo WLAN AutoConfig, ka mayar da shi Automatic ka danna Start. Irin Windows ɗin nan da ake rage wa kaya don ta yi sauri, sau da yawa wannan hidima suke kashewa. In kuwa ta ce "There is no wireless interface on the system", Windows ba ta ganin katin ne kwata-kwata, kuma a nan ne aiki yake.

A wannan hali ka fara da BIOS. Ka kashe kwamfutar, ka kunna, da zarar tambarin ThinkPad ya bayyana ka riƙa danna F1. Ka shiga Security, sannan I/O Port Access, ka tabbatar Wireless LAN yana kan Enabled. Kwamfutocin da suka fito daga ma'aikatu kan zo da wannan a rufe, saboda wasu hukumomi da gangan suke hana ma'aikata amfani da waifai, kuma goge Windows sau goma ba ya taɓa saitin BIOS. Ka danna F10 ka adana.

Daga nan sai Device Manager, wato devmgmt.msc. Ka buɗe Network adapters. Za ka ga na kebul, Intel 82579LM, wannan ba shi muke nema ba. Muna neman wanda ke da Wireless ko Centrino ko 802.11 a sunansa. In yana nan da 'yar kibiya mai kallon ƙasa, an dakatar da shi ne, ka danna dama ka zaɓi Enable. In ba ya nan, ka duba Other devices, za ka iya ganin "Network Controller" da alamar motsin rai ruwan ɗorawa. Wannan albishir ne, domin yana nufin katin yana raye, direba ce kawai babu, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin. Ka danna dama, Properties, Details, ka zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, VEN_14E4 na Broadcom, VEN_168C kuma na Atheros. Da wannan lamba za ka san ainihin direbar da za ka sauke daga shafin Lenovo. Tunda kebul yana yi maka aiki, ka bar shi a jone ka gudanar da Windows Update, sau da yawa ita kanta takan kawo direbar. Wanda ba shi da kebul kuma ya jona wayarsa da kebul ɗin caji ya kunna USB tethering. Ina roƙonka ka guji manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi da danni ɗaya, sukan ɗora direbar da ba ta katin ba, ka wayi gari da Code 10, saƙon da ke nuna katin ya kasa tashi.

Wani ƙaramin abu: bayan kowane gyara ka zaɓi Restart, ba Shut down ba. Windows 10 tana da Fast Startup, wanda ke adana yanayin direbobi in an kashe ta, ya dawo da shi yadda yake in an kunna, har da matsalar.

Sabon_Shiga:

Allah Ya saka da alheri Malam. Makunnin ne kuwa, a kashe yake. Ina tura shi fitilar ta kawo kore, jirgin ya ɓace. Yanzu ina ganin sunayen netwok huɗu na maƙwabta, amma nawa babu shi a ciki, alhali waya tana ganinsa tana kuma aiki da shi a ɗaki guda. Rautar sabuwa ce, an rubuta Wi-Fi 6 a kwalinta. Na gwada hotsifot na waya, shi ya fito a jeri, amma ina saka kalmar sirri sai ta ce "Can't connect to this network". A Device Manager lambar katin ta fara da VEN_10EC&DEV_8176. Ko in nemi wani kati in canza?

Hajiya_Netwok:

Sannu ƙanena, ai ka ci rabin aikin. Katin da ke ganin netwok huɗu lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rage saɓanin zamani ne tsakaninsa da rautarka.

Lambar da ka kawo ta Realtek RTL8188CE ce, katin da ke aiki a zangon 2.4 GHz kaɗai. Ka tabbatar da idonka ta hanyar rubuta netsh wlan show drivers, ka duba layin Radio types supported. In haruffan b da g da n kawai ka gani, babu harafin a, to katin ba shi da kunnen jin 5 GHz ko kaɗan, kuma babu direbar da za ta ba shi. Idan rautarka a 5 GHz kaɗai take watsawa, ko an kashe mata 2.4, wayarka za ta gan ta, kwamfutar ba za ta taɓa ganinta ba.

Ka shiga saitin rautar ta kebul. Adireshin yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ka nemi sashen Wireless, ka tabbatar 2.4 GHz yana kunne. Rautocin yanzu sukan haɗe zangon biyu ƙarƙashin suna ɗaya, wasu kamfanoni na kiran abin Smart Connect. Ka raba su, ka ba na 2.4 sunansa daban, don ka san wanda kake kamawa.

Sai tasha, wato Channel a saitin rautar. In an bar ta a Auto, rauta na iya zama a tasha ta 12 ko ta 13, kuma katunan da aka saita don kasuwar Amurka daga 1 zuwa 11 suke tsayawa. Wannan ne ke sa netwok ya fito yau ya ɓace gobe ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ka ɗaure ta a 1 ko 6 ko 11, su ukun nan ne ba sa hawa kan juna, ka sa faɗin tasha 20 MHz. Don zaɓar wadda ba ta da cunkoso, ka rubuta netsh wlan show networks mode=bssid, za ka ga tashar da kowane maƙwabci yake da ƙarfin siginarsa, sai ka kauce wa mai ƙarfi a cikinsu.

Batun Wi-Fi 6 ma yana da nasa. Wasu tsofaffin direbobi ba sa fahimtar sanarwar da rauta ke aikawa in tana yanayin 802.11ax, wato Wi-Fi 6, sai su tsallake netwok ɗin kamar babu shi. A zangon 2.4 ka canza Mode daga ax zuwa b/g/n, ka bar 5 GHz a kan ax don sauran na'urori su ci gaba da more saurinsu. Ba ka yi asarar komai ba.

Shi kuma hotsifot da ya fito ya ƙi haɗuwa, ka duba nau'in tsaronsa. WPA3 ya fito a 2018, shekara bakwai bayan an ƙera kwamfutarka, kuma katinka bai san shi ba. Ka mayar da shi WPA2-Personal, a wayar da kuma rautar. Akwai zaɓin gauraye na WPA2/WPA3 wanda a ƙa'ida ya kamata ya karɓi tsoho da sabo, amma tsofaffin katuna da dama sukan sarƙe a kansa, don haka WPA2 zalla da AES ya fi kwanciyar hankali. In ka ga Protected Management Frames a kan Required, ka sassauta shi. Amma don Allah kada neman sauƙi ya kai ka ga tsofaffin nau'o'in tsaro, WEP ko TKIP. An daɗe da fasa WEP, kuma su biyun suna danne saurin 802.11n ya koma 54 Mbps. Masu iPhone 12 zuwa sama, ku kunna Maximize Compatibility a cikin Personal Hotspot, shi ke sauko da shi 2.4 GHz.

Bayan ka canza tsaro, dole ka sa Windows ta manta da tsohon bayanin. Ka shiga Manage known networks, ka zaɓi sunan, ka danna Forget, sannan ka sake haɗawa. In ba haka ba za ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon mabuɗi, ta ci gaba da ba ka saƙon nan.

Injiniyan_Bod:

Abin da Hajiya ta faɗa shi zai warware matsalarka ta yau, kuma ina goyon bayan ka fara da shi. Amma tambayarka ta canza kati tana da amsa, kuma akwai tarko a cikinta da ya kamata ka sani kafin ka fitar da kuɗinka.

BIOS na ThinkPad na wancan zamani yana da jerin katunan da ya yarda da su. In ka saka wanda ba ya cikin jerin, kwamfutar ba za ta ma shiga Windows ba, za ta tsaya a baƙin allo da saƙo mai lamba 1802, tana cewa an saka katin netwok marar izini, a kashe a cire shi. Ba sunan kati kaɗai take dubawa ba. Intel Centrino Advanced-N 6205 da aka ciro daga Dell ko HP za ta iya ƙin sa, alhali 6205 na Lenovo tana karɓa hannu bibbiyu. Don haka ka nemi wanda ke da lambar FRU, wato lambar kayan gyara ta Lenovo, a takardar da ke manne a jikinsa, na 6205 ita ce 60Y3253. Wannan kati yana kama 2.4 da 5 GHz, yana kai 300 Mbps a ƙa'ida, girmansa rabin Mini PCIe ne, daidai da ramin T420. Amma shi ma na zamanin WPA2 ne, don haka saitin tsaron da Hajiya ta faɗa yana nan daram. Akwai masu gyara BIOS su cire jerin. Ban ba ka shawarar haka ba, in wuta ta ɗauke ko fayil ɗin bai dace ba, bod ɗin ya tafi.

In za ka buɗe, ka zare caja, ka cire batir, ka danne maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Katin yana ƙarƙashin kibod. Ka kife kwamfutar, ka buɗe murfin RAM, ka kwance sukurun da ke riƙe da kibod, ka juyo ta, ka tura kibod ɗin wajen sikirin ka ɗaga a hankali, domin akwai siririn kebul a ƙasansa da ba ya son fizga. Za ka ga katin da wayoyin eriya sirara a kansa. Kan kowace waya kamar ɗan maɓallin riga ne na ƙarfe, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ka sa farce a ƙarƙashin kan ka ɗaga shi tsaye, kada ka ja wayar. Wajen mayarwa ka daidaita shi a kan gurbinsa tukuna, sannan ka danna da yatsa har ka ji ɗan ƙas. In ka danna a karkace gurbin yana lotsewa, kuma ba ya gyaruwa. Mai ruwan toka tana zuwa MAIN ko TR1, baƙa tana zuwa AUX ko TR2. In akwai fara ta uku, ta katin Ultimate-N 6300 ce mai eriya uku, ka naɗe kanta da salatif ka ajiye ta gefe kada ta taɓa bod.

Eriyar kanta tana saman marfin sikirin, wayoyinta kuma ta mahaɗar marfi suke bi, wurin da ke lanƙwasawa duk buɗewa da rufewa. A kwamfutar da ta haura shekara goma nan ne suke tsinkewa. Alamar ita ce sigina ya cika in kana gaban rauta, ka matsa taku biyar ya faɗi, ko ya riƙa hawa da sauka in ka motsa marfin. Wannan ba direba ba ce, waya ce.

Ga wanda makunninsa ya karye har Radio status ya kafe a Hardware Off, akwai dabarar rufe fil na 20 na katin, cikin 'yan haƙoran ƙarfe da ke shiga rami, da ɗan siririn salatif, domin ta wannan fil ne bod ke umartar rediyo ya yi shiru. Yana bayan katin, na biyu bayan tsagar da ke tsakanin filolin, a ɓangare mai tsawo. Aiki ne mai son ido da natsuwa, in salatif ya hau fil na kusa katin ba zai tashi ba.

Wanda kuma ba ya son buɗe kwamfuta, ɗan katin waifai na USB ya wadatar, jerin BIOS ba ya shafarsa. Ka zaɓi mai zango biyu wanda aka rubuta yana da direbar Windows 10. Ramukan T420 USB 2.0 ne, iyakarsu 480 Mbps a ƙa'ida, saboda haka sayen mai tsananin sauri ba zai ƙara maka komai ba.

Mai_Sukudireba:

Ƙari kaɗan, don akwai mataki na gaba da mutane ke tuntuɓe a kansa: ta haɗu, ta rubuta Connected, amma shafi ba ya buɗewa. Ka rubuta ipconfig. In adireshin IPv4 ya fara da 169.254, rautar ba ta ba kwamfutar adireshi ba, Windows ce ta laƙaba wa kanta. Ka buɗe ncpa.cpl, ka shiga Properties na waifai, ka duba IPv4, ka tabbatar adireshi da DNS duka suna kan karɓa kai tsaye. Daga nan ka buɗe cmd a matsayin Administrator ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya: netsh winsock reset, netsh int ip reset, ipconfig /flushdns, sannan Restart.

Ka kuma kalli agogo da kwanan wata. Ƙaramin batirin CMOS na waɗannan kwamfutoci, CR2032 mai 'yar waya, ya daɗe da tsufa. In ya mutu kwanan wata yakan koma baya da shekaru, burauza kuma ta ƙi amincewa da takardun tsaron shafuka, mutum ya ɗauka waifai ne. Shi ma yana ƙarƙashin kibod, in ka buɗe don kati ka canza shi a tafiya ɗaya.

In tana yankewa bayan kwamfutar ta farka daga barci, ka shiga Properties na katin a Device Manager, Power Management, ka cire alamar da ke ba Windows damar kashe shi don tattalin wuta, a Power Options kuma ka sa Wireless Adapter Settings a Maximum Performance.

Don raba gardama tsakanin kati da Windows, ka ɗora Linux Mint ko Ubuntu a filas ka tayar da kwamfutar daga gare shi ba tare da ka girka ba, F12 ne ke kawo zaɓin. In waifai ya yi aiki a can, katin lafiya yake. In bai yi ba, ka buɗe Terminal ka rubuta rfkill list, "Hard blocked: yes" makunni ne ko BIOS, "Soft blocked: yes" kuma rfkill unblock all zai buɗe shi. In umarnin lspci, mai jera na'urorin da ke jikin bod, ma bai nuna katin ba bayan ka cire shi ka goge filolinsa ka mayar, a nan ne za a ce ya mutu.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. 2.4 GHz a kashe yake a rautar, tsaron kuma yana kan WPA3. Na kunna shi, na sa tasha ta 6 da WPA2, na yi Forget na sake haɗawa, ta kama nan take, hotsifot ma haka. Agogon kuwa yana nuna 2011 duk sanda na cire batir, don haka zan nemo CR2032 ɗin in haɗa da katin 6205 in buɗe ta sau ɗaya.